Yadda Ake Zagaya Tafkin Kawaguchi da Garin Fujiyoshida a Kan Keke

Baƙi da yawa sukan baro Tokyo da hantsi, su iso Kawaguchiko, a bakin Tafkin Kawaguchi, wajen azahar, su ɗaga kai neman Dutsen Fuji, su tarar gajimare ya lulluɓe shi tun daga gindi har ƙololuwa. Dutse ne mai tsawon mita 3,776, babu wanda ya kai shi a duk ƙasar Japan, amma sai mutum ya tsaya a ƙarƙashinsa ya rasa ta inda yake. Galibi laifin tsarin tafiya ne. Fuji ya fi fitowa tarwai da sassafe, kafin rana ta ɗumama ƙasa tururi ya tashi ya taru a jikinsa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ya rataya ne a kan abu guda: ka kwana a yankin, ka kasance kana bisa keke a gaɓar arewa ta tafkin tun hantsi bai yi ba.

Keke nake ba da shawara saboda wuraren kallon a warwatse suke. Da ƙafa sun yi nisa, motar bas ta 'yan yawon buɗe ido kuma cika take yi maƙil a lokutan hutu, ga shi ba ta tsayawa sai a tashoshinta. Mai keke kuwa duk inda dutsen ya bayyana tsakanin bishiyoyi, sai ya ja birki.

Zaɓen lokaci da hanyar zuwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sararin sama ya fi washewa, kan dutsen kuma fari fat da dusar ƙanƙara. Sai dai sanyin ba na wasa ba ne. Tafkin yana bisa tudu mai tsawon mita 830 ko kusa da haka, ruwa kan daskare a kan titi da asuba, kuma sanyin hunturun da muka sani a Jos ko Zariya bai kama ƙafarsa ba. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, ana iya yin kwanaki a jere ba a ga dutsen ba. A ganina mafi dacewa da mai keke shi ne tsakiyar Afrilu, lokacin da furen sakura, wato furen bishiyar ceri, ke buɗewa a wannan yanki, ko kuma daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, sa'ad da ganyaye ke rikiɗewa su koma ja. Ka kauce wa dogon hutun da suke yi daga ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu, domin masauki kan yi tsada, hanya ta cunkushe.

Daga tashar Shinjuku ta Tokyo akwai hanya biyu. Motar bas takan kai ka tashar Kawaguchiko cikin awa biyu ko ƙasa da haka idan hanya ba ta cushe ba, ita ce kuma mai sauƙin kuɗi. Jirgin ƙasa mai suna Fuji Excursion shi ma kimanin awa biyu yake yi kai tsaye, amma kujerunsa kan ƙare da wuri, sai an saya tun da saura kwanaki. In ka rasa shi, hau jirgi zuwa Otsuki ka sauya zuwa layin Fujikyu. Ka taho da yamma ka kwana. Dare ɗaya ya isa zagayen tafki da garin Fujiyoshida, dare biyu zai ba ka damar gwada sa'arka da safiya biyu.

Karɓar keke

Akwai shagunan hayar keke da dama a kewayen tashar Kawaguchiko, kuma masaukai da yawa suna ba baƙinsu haya. Matsalar ita ce yawancin shagunan ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 9, lokacin da mafi kyawun safiyar ya riga ya wuce. Maganinta shi ne ka nemi masaukin da ke da kekuna, ko ka tambayi mai shago ko yana ba da keke a kwana da shi, ka karɓa tun da yamma. Ka tafi da fasfo ɗinka, za a nemi ganinsa, dama kuma doka ta wajabta wa baƙo ya riƙa yawo da shi. Ka riƙe tsabar kuɗi na yen a aljihu, ba kowane ƙaramin shago ke karɓar kati ba.

Keke iri biyu za ka fi gani. Akwai wanda suke kira mamachari, keken cefane mai kwando a gaba, ƙarfen tsakiyarsa a sunkuye, sarƙarsa a rufe. Akwai kuma mai batir, wanda ke taimaka maka duk sanda ka taka feda, taimakon kuma yana yankewa idan gudu ya kai kilomita 24 a awa. Wanda zai zagaya tafki kawai, mamachari ya ishe shi, domin hanyar kusan shimfiɗe take. Wanda zai shiga Fujiyoshida ko ya haura zuwa Tafkin Sai, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai batir, ba zai yi nadama ba. Garin Fujiyoshida a jikin gangaren dutse yake zaune, abin da ka sauka cikin daɗi da safe sai ka hawo shi da yamma bayan ƙafa ta gaji.

Kafin ka bar bakin shagon, ka yi waɗannan a gaban mai keken. Daidaita sirdi yadda tafin ƙafarka zai taɓa ƙasa idan ka tsaya. Matsa birki biyu ka ji kamunsu, ka kuma sani cewa a kekunan Japan birkin hannun dama shi ne na tayar gaba, kada ka damƙe shi shi kaɗai a gangara. Kunna fitila ka gani. Duba cajin batir. Ka sa ya nuna maka makullin da ke manne a tayar baya, wanda ɗan makullinsa ke zama a ciki muddin kana tafiya, sai ka kulle sannan ya fita. Ɗauki hoton lambar wayar shagon da lokacin rufewarsu, saboda ko taya za ta yi faci a nesa. Ka karɓi hular kwano ko da ba a tilasta maka ba. Tun Afrilun 2023 dokar ƙasar ta bukaci kowane mai keke, babba da yaro, ya yi ƙoƙarin sa ta.

Mai doguwar riga, mace ko namiji, ya tattare ta sosai. 'Yar'uwa mai abaya ko dogon hijabi ta zaɓi mamachari, ta sa wando a ciki, ta ɗaure bakin mayafin kada ya kai ga tayar baya. Babbar riga dai a bar ta a masauki.

Dokokin hanya

A nan ne ɗan Najeriya ko ɗan Nijar zai fi bukatar natsuwa, domin a Japan hannun hagu ake bi. Keke a dokarsu abin hawa ne kamar mota, wurinsa gefen hagu na titi. Hatsarin ba a miƙaƙƙiyar hanya yake ba, yana zuwa ne lokacin da ka fito daga shago ko ka karya kwana, jiki ya koma abin da ya saba ya kai ka hannun dama. Duk sanda za ka tashi daga tsayuwa, ka tuna wa kanka: hagu.

Jan allo mai kusurwa uku da kansa ke kallon ƙasa, ɗauke da rubutun 止まれ, yana nufin ka tsaya cak, ka sa ƙafa a ƙasa, ka duba, sannan ka wuce. Haka ma a mahadar titi da layin dogo, kuma za ka tsallaka layin Fujikyu fiye da sau ɗaya a cikin gari. A mararraba mai danja, mai keke ba ya yankowa dama kai tsaye kamar mota. Sai ya miƙe ya tsallaka zuwa ɗaya gefen, ya juya kan kekensa, ya jira danjar wancan ɓangaren. Hanyar masu tafiya a ƙasa ba taka ba ce sai inda shuɗin allo ya nuna keke da mutum tare, a nan ɗin ma mai ƙafa ne da hanya, kada ka kaɗa masa ƙararrawa don ya kauce. Ba a goyon babba a baya, ba a jerawa biyu ana hira, ba a riƙe lema ana tuƙi, kuma fitila dole ce da dare da cikin ramin da aka huda a dutse.

Babbar jarabawar ita ce waya. Dutsen zai bayyana a gabanka, hannu ya kai aljihu. Tun Nuwamban 2024 amfani da waya a kan keke yana iya jawo ɗaurin da ya kai wata 6 ko tarar da ta kai yen 100,000. Tsaya, sauka, sannan ka ɗauki hotonka. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 119.

Zagayen tafkin

Kewayen Tafkin Kawaguchi kimanin kilomita 20 ne. Ba tare da tsayawa ba awa ɗaya da rabi ya isa, amma ka ware masa awa uku zuwa huɗu. Ka zagaya ta yadda ruwan zai kasance a hannunka na hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. Dalili biyu ne. Kana gefen hagu na titi, don haka kana manne da bakin ruwa, ba sai ka riƙa tsallaka hanya ba duk sanda za ka tsaya. Sannan wannan juyin zai kai ka gaɓar arewa da wuri, inda ake ganin dutsen da tafkin a gabansa. Daga gaɓar kudu gine-gine da tuddai suna tare shi.

Daga tasha ka gangara zuwa bakin ruwa, minti biyar ne. Ka bi gefen gabas, za ka wuce tashar motar igiya da ke hawa da mutane kan Tudun Tenjo. Bar ta sai an jima. Ci gaba har Ubuyagasaki, wani ɗan tsinin ƙasa a daidai inda babbar gadar tafkin, mai tsawon mita 500, ta sauka a gaɓar arewa. Nan ne tsayuwarka ta farko. In iska ba ta motsa ba, za ka ga dutsen biyu, ɗaya a sama, ɗaya a kife cikin ruwa. Japanawa suna kiran wannan sakasa Fuji. Ba ya daɗewa, da iska ta fara kaɗawa ko jiragen ruwa suka fara kai-komo, shi ke nan hoton ya wargaje. Wannan kaɗai ya isa dalilin sammako.

Daga nan hanya ta miƙa yamma a bakin ruwa. A watan Nuwamba za ka riski wata 'yar hanyar ruwa da bishiyoyin momiji suka yi wa rumfa da jajayen ganye, jama'a kan yi yawa a wurin, sai ka sauka ka tura keken. Kusa da nan akwai gidan adana ayyukan Itchiku Kubota, wani marini da ya ƙare rayuwarsa yana rina rigunan kimono ta hanyar ɗaure yadi da zare kafin a tsoma shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake ɗaurin zane, zai gane wahalar aikin tun daga kallon farko. In kana da awa guda, ya cancanci kuɗin shigarsa, amma ka bari sai ka gama da dutsen tukuna.

Tsayuwa mafi tsawo ita ce Lambun Oishi. Ba a biyan kuɗin shiga, akwai banɗaki mai tsabta, da wurin ajiye keke, da shagon sayar da abin sha. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli furen labanda ne ke cika shi, a Oktoba kuma wasu dunƙulallun ciyayi da ake kira kokiya su yi jajur. In ka iso kafin motocin bas su fara sauke mutane, wurin kusan naka ne kai kaɗai. Zauna ka kalli dutsen da kyau. Mai aman wuta ne, rabonsa da yin amai tun 1707, kuma amansa na da ne ya datse ruwa ya samar da tafkunan nan biyar da ke arewacinsa: Kawaguchi, Yamanaka, Sai, Shoji da Motosu. Ɗan tsibirin da kake hange a tsakiyar ruwa, Unoshima, shi kaɗai ne tsibiri a duk biyar ɗin.

Bayan Oishi gidaje sukan ragu, hanya ta ƙuntata, akwai kuma gajerun ramuka da titi ya ratsa. Kunna fitila kafin ka shiga. A ƙarshen tafkin ta yamma za ka yanke shawara. Mai sauran ƙarfi da keken batir zai iya haurawa ta wani ɗan tudu mai tsauri zuwa Tafkin Sai, wanda kewayensa ya kai kimanin kilomita 10, shiru, babu cunkoso. A can ƙuryarsa akwai Iyashi no Sato, ƙauye mai rufin ciyawa da aka sake ginawa a gurbin wanda zaftarewar ƙasa ta shafe a 1966. Wanda ya zaɓi wannan, ya bar Fujiyoshida sai gobe. Wanda bai zaɓa ba, ya juyo ta gaɓar kudu, ta Katsuyama da Lambun Yagizaki, ya dawo tasha. Wannan ɓangaren ba shi da abin kallo kamar na arewa, wuce shi kawai.

Kusa da tashar akwai wani kantin Lawson da hoton dutsen a saman rufinsa ya yi suna a intanet. Baƙi suka riƙa tsayawa a tsakiyar titi, suna shiga filayen mutane, suna zubar da shara, har hukumar garin ta kafa wani baƙin labule mai tsawon mita 20 a watan Mayun 2024 don tare kallon. Abin ya dame ni, domin mutanen garin ba masu ƙin baƙo ba ne, an kai su bango ne. Kada ka jingine keke a ƙofar gidan kowa, kada ka taka gona don neman hoto, kuma ka riƙe leda a kwando domin shararka, kwandunan shara ba su da yawa a titunansu.

Abinci da salla

Abincin da yankin Yamanashi, inda tafkin yake, ya shahara da shi shi ne wanda suke kira "hoto" a harshensu, faffaɗar taliya da ake dafawa da kabewa da ganyaye a romon miso, wani kayan miya na waken soya, amma sau da yawa akan sa naman alade. Fujiyoshida kuma tana alfahari da Yoshida udon, taliya mai kauri da tauri, da dafaffen kabeji, kuma bisa al'ada naman doki ake zubawa a kai. Yawancin gidajen da ke sayar da ita da rana kawai suke buɗewa. Tambayi abin da ke ciki kafin ka zauna. "Niku nashi de onegaishimasu" na nufin a ba ka ba nama, amma romon ma abin tambaya ne, domin akan zuba masa mirin, wanda ke da barasa. A jikin kayan kanti ka nemi waɗannan alamu: 豚 alade ne, 酒 barasa, みりん kuma mirin. Mafi sauƙi shi ne ka yi guzuri daga kanti tun da safe: ayaba, dafaffen ƙwai, madara, da curin shinkafa onigiri bayan ka karanta bayansa. Ruwan famfo ana shansa.

Alƙibla a nan ba gabas take ba. Yamma ce, da ɗan karkata zuwa arewa. Idan kana gaɓar arewa kana fuskantar dutsen, tana hannunka na dama, ɗan baya kaɗan. Sa ƙaramar darduma a kwando, ka nemi gefen lambu inda ba ka tare wa kowa hanya ba. Lokutan salla suna motsawa sosai da yanayi: a Yuni rana kan fito wajen 4:30 na safe, a ƙarshen Nuwamba kuma ta faɗi wajen 4:30 na yamma.

Fujiyoshida da rana

Daga tashar Kawaguchiko ka nufi gabas zuwa Shimoyoshida, kilomita biyar zuwa shida, gangara ce kusan duka. Riƙe birki biyu a hankali, ka bi ƙananan layuka maimakon babban titi mai manyan motoci. Ajiye keken a wurin da aka tanada a gindin Lambun Arakurayama Sengen, ka kulle, ka zare makulli. Daga nan sai ƙafa: matakala 398. Mai ciwon gwiwa ya bi titin da ke zagayawa a gefe, ya fi tsawo amma ya fi sauƙi. A sama za ka tarar da Chureito, jar hasumiya mai hawa biyar da aka gina a 1963 don tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙi. Daga dandalin da ke bayanta ake ɗaukar hoton nan da ya zagaya duniya, hasumiya a gaba, gari a ƙasa, dutse a can baya. In kwana biyu za ka yi, ka ba wannan wuri safiyar rana ta biyu, domin da rana dutsen kan dushe cikin hazo, a lokacin sakura kuma layi ake bi kafin a hau dandalin.

Da ka sauko, shiga titin Honcho, tsohuwar kasuwar garin, wanda ya miƙe sambal har dutsen ya cika ƙarshensa, ga fitilu da allunan shaguna da wayoyin lantarki suna ratsa shi. Titi ne da motoci ke bi, daga gefe za ka ɗauki hoto. Garin masaƙa ne tun da daɗewa, har yanzu akwai ƙananan masaƙu da shagunan da ke sayar da yadi, da lema, da mayafin wuya na saƙar garin. Tsarabar da ta fi ta kantin tasha ke nan.

Daga nan hawa ya fara, a nan batir zai biya kuɗinsa. Bi titin sama ka wuce ta ƙarƙashin Kanadorii, babbar ƙofar da ta tsallake hanya kusa da tashar Fujisan. Gefe da gefe akwai tsofaffin gidajen oshi, waɗanda ke saukar da masu zuwa ziyarar dutsen a zamanin da, domin Japanawa sun daɗe suna ɗaukar Fuji wuri mai tsarki a addininsu, kuma a kan wannan tarihi ne UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2013. A ƙarshen hawan akwai wurin bautar Kitaguchi Hongu Fuji Sengen, a cikin dogayen bishiyoyin sida masu ɗaruruwan shekaru. Daga bayansa tsohuwar hanyar Yoshida ta hawa dutsen ta faro. Ba a shiga harabar da keke, a wajen ake barinsa. Masu ibada za ka gan su suna rusunawa suna tafi. Babu mai neman baƙo ya yi haka, kai dai ka rage murya, ka ba su wuri, ka kalli aikin sassaƙa da bishiyoyin. Duk ranar 26 ga Agusta ake kunna manyan tocilan itace a kan wannan titi don bikin wuta na Yoshida, a ranar sai a ajiye keke a taka da ƙafa.

In rana tana da saura kuma batir bai yi ƙasa da rabi ba, ƙauyen Oshino yana gaba ta kudu maso gabas, inda tafkuna takwas na Oshino Hakkai suke, ruwan ƙanƙarar dutsen da ya tace ta cikin duwatsu ya ɓuɓɓugo garai-garai har kana ganin ƙasan tafki. Wuri ne mai kyau amma mai cunkoso, kuma komawa daga can zuwa Kawaguchiko ya kusa kilomita 10. Kada ka sa ran saka keken a jirgi idan ka gaji, ba a shiga da keke jirgin ƙasa sai an kwance shi an sa a jaka, keken haya kuwa ba ya kwantuwa. Lissafa awa guda ta komawa daga duk inda kake a Fujiyoshida, ka ƙara rabin awa idan daga Oshino ne, ka isa shago kafin lokacin rufewa da makulli da hular kwano a hannu. A watannin sanyi ka juya tun ƙarfe 3, domin da rana ta faɗa bayan tuddai sanyi ke sauka nan take, yatsu su ƙage a kan birki, saboda haka safar hannu ta kasance cikin kwando tun safe.